MANUWEL GARSIYA (1805–1906): MALAMIN WAƘAR DA YA LEƘA MAƘOGWARONSA DA MADUBI

A wannan fitowa za mu tsallaka teku ne zuwa ƙasar Turai, mu ɗauko tarihin wani mutumin ƙasar Sifen mai suna Manuwel Garsiya, wanda ya shekara 101 a duniya, kuma ya ƙarar da kusan saba'in daga cikinsu yana koya wa mutane yadda ake sarrafa murya.

Na san wani zai ce, mu da muke zaune a Sabo muna fafutukar neman na tuwo, ina ruwanmu da malamin waƙar Turawa? To, a ɗan yi haƙuri a duba unguwar nan. Ladanin masallacinmu, da malamin makarantar allo, da mai wa'azi, da dillalin kara, da ɗan kamasho a tasha, da yarinya mai talla, da maroƙi da zabiya ranar biki, duk jarinsu murya ce. Ran da ta dushe, ran nan kasuwa ta tashi. Shi kuwa wannan bawan Allah, tun yana saurayi tasa muryar ta lalace, sai ya ɗauki sauran rayuwarsa yana binciken dalili. Abin da ya gano game da harshe da wasula da maƙogwaro ya shafi duk mai buɗe baki ya ɗaga murya.

GIDAN DA YA TASHI

An haifi Manuwel ranar 17 ga watan Maris na shekarar 1805. Don mai karatu ya gane nisan zamanin, shekara ɗaya ke nan bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu. Sunan ubansa ma Manuwel Garsiya, haifaffen birnin Sabil, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya. Uban yana cikin manyan mawaƙan Turai na zamaninsa a fagen ofera, wato wasan kwaikwayon da ake yin dukkan maganganunsa cikin waƙa, ga makaɗa birjik a gaban dandamali. Shi ne ya fara fitowa a matsayin saurayin cikin wasan nan na Rosini mai suna Wanzamin Birnin Sabil, sa'ad da aka fara nuna shi a birnin Roma cikin 1816. Uwar yaron ita ma mawaƙiya ce.

Iyayen sun bar Sifen neman arziki tun Manuwel yana ɗan ƙarami, suka bar shi a hannun dangi a Madrid. A can ya ga zamanin da sojojin Nafoliyon na Faransa suka mamaye birnin a 1808. Sai da ya doshi shekara goma sannan ya iske iyayensa a birnin Nafoli na ƙasar Italiya, inda aka sa shi a koyon waƙa gadan-gadan.

Gida ne na baiwa, amma fa gida ne mai zafi. Uban mutum ne mai tsanani da saurin hannu, ba ya ɗaga wa 'ya'yansa ƙafa in an zauna darasi. Ƙannen Manuwel mata guda biyu duk sun shahara. Ta farko ita ce Mariya Malibran, wadda Turai ta rikice a kan muryarta, ta kuma mutu a Mancesta cikin 1836 tana da shekara 28, bayan ta faɗo daga kan doki. Ta biyu ita ce Folin Biyardo, wadda ta rayu har 1910. Shi kuwa babban wan nasu, ba a dandamali Allah ya ajiye rabonsa ba.

YADDA MURYARSA TA TAFI

A 1825 uban ya kwashi iyalinsa kaf suka hau jirgin ruwa zuwa Niyok ta ƙasar Amurka. Su ne suka fara kai wa mutanen birnin cikakken zangon ofera da harshen Italiyanci. A daren farko, cikin watan Nuwamba, Manuwel ɗan shekara ashirin ne ya fito a matsayin wanzamin. Suka yi wasanni kimanin 80, daga nan suka zarce Mekziko.

A nan ne fa matsala ta kunno kai. Masu rubuta tarihinsa sun bayyana cewa tun lokacin da muryarsa ke fashewa ta balaga ba a bar ta ta huta ba. Daɗin daɗawa, shi muryarsa matsakaiciya ce mai ɗan kauri, ta uban kuwa mai hawa sama ce, amma duk ran da uban ya gaji ko ba ya jin daɗi, sai a tura ɗan ya rera rabon uban. Ka ga an ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Ya yi ta matse wuya yana tura murya inda ba ta iya kaiwa, har ta fara rawa tana yankewa. Ya komo Turai, ya gwada sa'arsa a dandamalin birnin Faris, abin bai yi armashi ba. Zuwa 1829 ya haƙura ya bar fitowa wasa baki ɗaya, alhali bai wuce shekara 24 ba.

A 1830 ya bi rundunar Faransa da ta tafi mamaye Aljeriya, da ya dawo kuma sai ya kama aiki a asibitocin soja. A nan ya samu damar da mawaƙa ba su samu: ya ga wuyan ɗan Adam a buɗe, ya zauna da likitoci, ya koyi sunan kowace tsoka da kowane guringuntsi na maƙogwaro. Ƙanwarsa Folin ta ba da labarin yadda yakan shigo gida da maƙogwaron kaji da na tumaki da na shanu, ya sa ta riƙa hura musu iska da mafuri, su ji irin kukan da kowanne zai yi. Da uban ya mutu a 1832, sai ɗan ya gaji makarantarsa, daga baya kuma ya zama malami a babbar makarantar kiɗa da waƙa ta Faris.

ABIN DA YA KOYAR GAME DA HARSHE DA WASULA

A 1840 ya miƙa wa Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa wata maƙala a kan muryar ɗan Adam. A daidai wannan lokaci ya fara fitar da babban littafinsa na koyar da waƙa, wanda ya kammala a 1847. Gishirin koyarwar tasa shi ne, aikin murya hawa biyu ne, kuma wajibi ne mai koyo ya rarrabe su.

Hawa na farko yana cikin maƙwallato, wato akwatin nan da ke bayan zakaran wuya. A ciki akwai tantani guda biyu, tsawonsu bai fi na farcen babban yatsa ba. In iska ta taso daga huhu sai su riƙa buɗewa suna rufewa da sauri, fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji mai magana, kimanin sau 200 ga mace. Wannan karkarwa ita ke haifar da sauti, ita ce kuma ke sa murya ta hau ko ta sauka. Amma sautin da ke fitowa daga nan ɗanye ne, ba shi da wasali, ba shi da daɗi.

Hawa na biyu shi ne kogon da sautin ke ratsawa kafin ya fito, daga saman maƙwallato zuwa leɓɓa, wanda tsawonsa a babban mutum namiji ya kai kimanin santimita 17. A nan ake ƙera wasali, a nan kuma murya ke samun launinta. Misalinsa kamar goge ne. Tsirkiya ce ke kuka, amma ƙwarya ce ke ba kukan jiki. Bambancin kawai, ƙwaryar goge ba ta sake siffa, ta ɗan Adam kuwa tana sakewa a kowane motsi na harshe da muƙamuƙi da leɓɓa da hanɗa.

Mai karatu zai iya gwada wannan yanzu a inda yake zaune, tunda Hausa na da wasula biyar, a, e, i, o, u. Ja numfashi ka ce iii. Za ka ji gaban harshenka ya tashi sama ya kusa taɓa ganɗa, bakin ya ƙuntata ta gaba, can baya kuwa wajen maƙoshi ya yi faɗi. Ka zarce zuwa eee, za ka ji harshen ya ɗan sauko. Ka ce aaa, harshe ya kwanta, muƙamuƙi ya sauka, baki ya yi faɗi, amma tushen harshen ya ɗan ja baya ya rage filin maƙoshi. Ka ce ooo, sannan uuu, za ka ji ƙuryar harshen ce ke tashi wajen hanɗa, leɓɓa kuma suna zagayewa suna turowa gaba. Duk wannan fa ba ka sauya komai a maƙwallato ba. Sautin ɗaya ne, harshe ne ke raba kogon gida biyu, yana ƙara wannan yana rage wancan.

Harshenmu ma ya nuna rabuwar ayyukan nan biyu a fili. Tsakanin kuka na hawaye da kuka ta miya, harshe da leɓɓa aiki ɗaya suke yi, maƙwallato ne ke sauke murya a gaɓar ƙarshe ta kukar miya. Tsakanin kuka da kaka kuwa, harshe da leɓɓa ne suka sauya wuri.

Daga nan Garsiya ya raba launin murya gida biyu, da mai haske da mai duhu. In ana son mai haske, maƙwallato kan ɗan tashi sama, hanɗa ta ɗan sauko, kogon ya gajarce, sai murya ta fito tas, da kaifi. In ana son mai duhu, maƙwallato kan sauka, hanɗa ta ɗaga kamar ta mai shirin hamma, kogon ya yi tsawo, sai murya ta fito da kauri da cika. Ya nuna cewa kowane wasali yana iya ɗaukar kowane launi, kuma in aka duhunta shi yakan karkata zuwa maƙwabcinsa: a takan doshi o, ita kuma o ta doshi u. Saboda haka ya koya wa ɗalibansa cewa in murya na hawa sama, a riƙa ɗan zagaye wasalin sannu a hankali, kada a bar shi ya baje ya zama ihu. In tana saukowa kuma a riƙa ɗan haskaka shi, kada ya nutse ya zama gurnani. Gwaninta ita ce a yi wannan gyara kaɗan-kaɗan yadda mai sauraro zai ji murya ɗaya ce daga ƙasa har sama, kuma kalmar ba ta ɓace masa ba.

Wannan bayani ya zo a kan kari. A 1837 wani mawaƙi mai suna Dufure ya girgiza Faris da wata irin murya mai duhu da ƙarfi wadda yake kaiwa can sama, sai samarin mawaƙa suka yi caa suna kwaikwayonsa da ƙarfin tsiya, da yawa suka ji wa kansu. Garsiya bai hana murya mai duhu ba, amma ya nuna cewa launi ne daga cikin launuka, kuma wanda ya lizimci launi ɗaya tilo yana danne maƙwallato da ƙarfi, to zai gajiyar da muryarsa.

Ya kuma bi aibobin murya ɗaya bayan ɗaya ya faɗi inda kowanne ke fitowa. Muryar maƙoshi, irin wadda za ka ji kamar mutum na waƙa da loma a baki, tushen harshe ne ke kumbura ya ja baya, ya danne murfin maƙogwaro a kan hanyar sauti. Muryar hanci kuwa hanɗa ce ke saki ta sauko, sai sauti ya bi ta kogon hanci. Maganin da ya bayar shi ne harshe ya kwanta lakadan, kansa na kusa da haƙoran ƙasa, kada tushensa ya ƙage, muƙamuƙi ya sauka da nauyin kansa ba tare da an wage baki ba, harshen kuma ya motsa daidai gwargwadon abin da wasalin ke bukata, kada ya ƙara. Yawan wage baki, a ganinsa, ba ya ƙara wa murya komai sai taurin muƙamuƙi.

Almajiran da suka yi tajwidi za su ji wannan magana ba baƙuwa ba ce. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, amma gaɓoɓin furuci ɗaya ne, kuma malaman Musulunci sun riga Turawa bin mafitar haruffa da ɗaruruwan shekaru. Halilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, ya jera ƙamusunsa ne bisa mafitar haruffa, ya faro daga maƙoshi ya ƙare a leɓɓa. Ibn Sina ma ya rubuta ɗan littafi a kan yadda haruffa ke samuwa, inda ya siffanta maƙogwaro da harshe. A tajwidi ana koyar da cewa haruffan madda uku daga jaufu suke fita, wato sararin baki da maƙoshi. To, wannan sarari shi ne kogon da Garsiya ya ƙare rayuwarsa a kansa.

YARINYAR DA YA HANA MAGANA

Labarin da ya fi fito da sunansa a matsayin malami shi ne na Jeni Lind, 'yar ƙasar Suwidin. An haife ta a 1820, ta fara fitowa dandamali tun tana yarinya, aka yi ta aiki da ita ba hutu, kafin ta cika shekara 21 murya ta shaƙe. A 1841 ta tattara ɗan abin da ta tara ta nufi Faris wurin Garsiya. Da ta rera masa waƙa muryar ta yanke a tsakiya, shi kuwa bai ɓoye mata ba, ya gaya mata cewa muryar ta riga ta tafi.

Kowa na iya tunanin halin da yarinyar ta shiga, ga baƙunci, ga sana'a ta kuɓuce. Amma malamin ya san ciwon, don shi ma ya ɗanɗana. Bai ba ta wani jiƙo ko lasa ba. Umurnin da ya ba ta shi ne ta yi shiru, ba waƙa ko kaɗan, magana ma sai ta zama dole. Ta yi makonni a haka ta dawo, ya saurara, ya ce ta ƙara. Sai da ta yi wajen wata uku sannan ya karɓe ta, ya mai da ita farko kamar wadda ba ta taɓa waƙa ba: yadda ake jan numfashi, yadda ake fara sauti, yadda ake riƙe wasali ɗaya a hau da shi a sauko a hankali. Bayan kimanin wata goma ta koma gida da muryar da ta fi ta da. Ta zama mawaƙiyar da ta fi kowa suna a Turai a zamaninta, a 1850 kuma ta tafi Amurka inda dubban mutane suka tarbe ta a bakin jirgi.

Cikin ɗalibansa har da Matilda Markezi, wadda ita ma ta zama babbar malama ta yaye shahararrun mawaƙa mata irin su Neli Melba ta Ostareliya. Ta haka koyarwarsa ta yi ta yaɗuwa daga hannu zuwa hannu.

RANAR DA YA GA ABIN DA YAKE NEMA

A 1848 juyin juya hali ya ɓarke a Faris, Garsiya ya tattara ya koma Landan, ya kama koyarwa a makarantar kiɗa da waƙa ta masarautar Ingila. Sai dai akwai abin da ke ci masa rai. Duk abin da ya sani game da maƙwallato, ko dai daga gawa ya gan shi, ko daga dabba, ko kuma kunnensa ne ya gaya masa. Harshe da hanɗa da beli ana ganinsu in an buɗe baki a gaban madubi, amma tantanin maƙwallato na can ƙasa bayan lanƙwasar harshe, ido ba ya kaiwa.

Wata rana cikin watan Satumba na 1854, ya je ziyara Faris yana yawo a harabar wata tsohuwar fada, zuciyarsa na kan wannan matsala, sai dabara ta faɗo masa ta haɗa madubi biyu. Nan take ya nufi shagon wani mai ƙera kayan aikin likitoci, ya sayi ɗan madubin likitan haƙori mai dogon mariƙi a kan faran shida. Da ya isa masauki ya ɗumama madubin a ruwan zafi don kada tururin numfashi ya rufe shi, ya goge, ya zura shi can ƙuryar baki ya jingina da beli. Ya ɗauki madubin hannu ya tare hasken rana ya harba shi cikin bakin. Sai ga maƙwallatonsa a buɗe a gabansa, har yana hango wani sashe na bututun iska. Ya yi sauti, ya ga tantanin nan biyu sun haɗu. Ya hau sama, ya ga yadda suke sauya tsayi da kauri. Yana da shekara 49 a lokacin, shekara 25 ke nan da barinsa dandamali.

A 1855 aka karanta sakamakon bincikensa a gaban babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Ba a ɗauki abin da wani muhimmanci ba, wasu ma suka ɗauka wasan malamin waƙa ne. Gaskiya ne kafin shi wasu likitoci sun gwada irin wannan, kamar Babinton na Landan a 1829, amma abin nasu bai kama ƙasa ba. Sai a 1857 da 1858 ne likitoci biyu, Turk a birnin Biyana da Camak a birnin Fest na ƙasar Hangare, suka shigar da madubin cikin aikin asibiti. Turk da rana yake dogara, saboda haka in hunturu ya shigo sai aiki ya tsaya. Camak ya kawo dabarar amfani da fitila da madubi mai lotsawa wanda ke tara haske. Su biyun suka yi ta jayayya a kan wanda ya riga wani, shi kuwa Garsiya ya koma ajinsa ya ci gaba da koyarwa. Daga wannan ɗan madubi ne fannin likitancin maƙogwaro ya tsiro.

Wani abin sha'awa, duk wanda likita ya taɓa duba wa maƙogwaro da irin wannan madubi zai tuna an kama masa harshe da ƙyalle an ce ya ce iii. Dalili kuwa shi ne wanda muka gwada ɗazu. Wasalin i na jawo tushen harshe gaba, murfin maƙogwaro ya ɗaga, sai hanya ta buɗe likita ya hango ƙasa.

SUKAR DA YA SHA

Ba a bar shi ya sha ruwa lafiya ba. Ya koyar da cewa a fara sauti da haɗa tantanin maƙwallato tsaf kafin iska ta kuɓuce, ya kuma ba wannan dabara suna da Faransanci mai ma'anar bugun maƙwallato. Sunan ne ya jawo masa. Wasu malamai suka ɗauka cewa ya ce a buga da ƙarfi, suka yi ta sa ɗalibai suna kakari, muryoyi suka lalace, aka ɗora masa laifi. Mu Hausawa mun san wannan rufewa sarai, ita ce hamzar da ke tsakiyar sa'a da jama'a, kuma kowa ya san ana yin ta a hankali ba tare da an ji ciwo ba. A 1894, yana da shekara 89, ya fitar da wani ƙaramin littafi da Turanci mai tambaya da amsa, inda ya sake bayyana cewa taɓawa ce mai sauƙi yake nufi, kamar yadda leɓɓa ke haɗuwa su rabu.

Bincike na baya ya gaskata mafi yawan abin da ya faɗa game da kogon baki. A 1867 Melbil Bel, uban wanda ya ƙago tarho, ya jera wasula bisa tashin harshe da saukarsa da kuma gaba da baya, tsarin da har yanzu ake koyar da shi a darasin tsarin sauti. A 1917 Daniyel Jons na Landan ya ɗauki hoton harshensa da na'urar hoton ƙashi yana furta wasula. A 1960 masanin Suwidin Gunna Fant ya fitar da lissafin da ya tabbatar da rabuwar nan ta mafarin sauti da kogon da ke tace shi. Yau likitoci na zura siririn bututu mai kyamara ta hanci su kalli maƙwallato a allon talabijin.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Garsiya bai ajiye aikin makaranta ba sai a 1895, yana da shekara 90, kuma ko bayan nan ya ci gaba da karɓar ɗalibai a gida. Ranar 17 ga Maris 1905 da ya cika shekara 100, Sarki Edwad na Bakwai ya kira shi fada ya ba shi lambar girma. Sarkin Sifen da na Jamus su ma suka aiko da nasu, likitocin maƙogwaro daga ƙasashe da dama suka hallara a Landan, aka kuma miƙa masa hotonsa wanda shahararren mai zane Sajan ya zana. Ya mutu a gidansa da ke Landan ranar 1 ga watan Yuli 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato. Shekara 58 ya yi yana zaman baƙunci a Ingila, kuma sana'arsa da riƙon amanarta su suka sa masu gari da mutanen ƙasarsa duka suka taru suka girmama shi.

To jama'a, abin ɗauka a nan a bayyane yake. Mai aiki da murya ya sani cewa matse wuya da wage baki ba su ne ke kai murya nesa ba. A ja numfashi sosai, a saki muƙamuƙi, a bar harshe ya kwanta ya yi aikinsa, a fitar da wasali tsaf. Iyaye da malamai kuma a tausaya wa yaron da muryarsa ke fashewa, kada a tilasta masa kai ta inda ba ta kaiwa. In murya ta dushe, maganin farko shi ne shiru da shan ruwa. In kuwa dushewar ta wuce mako uku ba ta warware ba, musamman ga mai shan taba, to kada a tsaya ga citta da zuma, kada kuma a ɗora wa beli laifi a nufi wurin wanzami. A je asibiti wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani, don da yawa daga cututtukan wurin suna jin magani in an tare su da wuri.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya albarkaci sana'o'inmu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.